Dalilin da Ya Sa 'Yar Garahuni Take Zaune Ita Kaɗai

Dalilin da ya sa kuke ganin 'yar ƙudan zuman nan baƙa, wadda muke ce wa 'yar garahuni, tana yawo ita kaɗai, ba ta bin ayari, ba ta shiga amya, kuma duk furannin da ke dajin nan ba ta sauka sai a kan na garahuni, labari ne mai ɗan tsawo. Ku matso, ku bar tsokanar juna, in gaya muku yadda aka yi.

A can da, tun duniya na kwance, ƙudan zuma duk gida ɗaya suke zaune, manya da ƙanana, baƙaƙe da jajaye, a cikin kogon wata tsohuwar ɗorawa da ke bakin fadama. Uwarsu ɗaya ce, Magajiya, ita ke haihuwa, ita kuma ke yanke magana. Kowa da aikinsa. Waɗansu su fita ɗebo ruwan fure, waɗansu su gina saƙa da kaki, waɗansu su yi renon jarirai, waɗansu kuma su tsaya a ƙofa. Da yake yawansu ya fi a ƙirga, ba da fuska suke gane juna ba, da ƙamshi ne. Gidan yana da ƙamshinsa, kowa yana ɗauke da shi a jiki. Duk wanda ya zo ƙofa sai mai tsaro ya shinshina shi. In ƙamshin gida ne, ya wuce. In wani ne daban, sai harbi.

A cikin masu reno akwai wata 'yar ƙarama, baƙa, gajera, mai gashi a ciki, sunanta Tambai. An ba ta ɗakunan jarirai goma sha biyu a can ƙasan saƙa, tana kula da su. Aikinta ba wanda ya taɓa kushe shi. Abin da ya ishi mutanen gida da ita shi ne bakinta. Tambai ba ta ganin abu ta wuce. Me ya sa ɗakunan saƙa duk kusurwa shida ne? Ina raɓa take tafiya in rana ta fito? Wa ya fara gaya wa ƙudan zuma cewa akwai zaƙi a cikin fure? Masu gini in sun hango ta sai su juya mata baya, su yi kamar aiki ya yi musu yawa.

Mai haƙuri da ita ɗaya ce, yayarta Kulu, babbar mai tsaron ƙofa, wadda ta rene ta tun tana tsutsa. Wata rana Tambai ta same ta a bakin ƙofa, ta ce, “Yaya, me ya sa aka ce kada kowa ya sauka a kan furen garahuni?”

Kulu ta ce, “Doka ce.”

“Na san doka ce. Me ya kawo dokar?”

“Haka muka taras.”

“Waɗanda kuka taras, su me suka ce?”

Kulu ta harare ta, ta ce, “Suka ce a gaya wa mai yawan tambaya ta koma wurin jariranta. Tashi ki ba ni wuri, ayari na dawowa.”

Tambai ta koma, amma maganar ba ta bar ranta ba.

To, a wata shekara sai marka ta zo da ƙarfin da ba a taɓa gani ba. Kwana tara ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, in ya ɗan tsagaita da hantsi, kafin azahar ya sake kecewa. Tsohuwar ɗorawa tana da tsaga a sama, ruwa ya riƙa bi ta nan yana tsatsafowa, yana gangarowa ƙasan saƙa, daidai inda ɗakunan jarirai suke. Danshi ya kama bango, fumfuna ta fito, abincin jarirai ya fara tsami. Masu fifita suka yi ta kaɗa fiffike har suka gaji, danshi bai tafi ba. Jarirai suka fara mutuwa.

A kwana na bakwai Tambai ta leƙa ɗakunanta, ta ga biyu ba sa motsi. Da kanta ta ɗauke su ta kai bakin ƙofa ta sake su ƙasa. Ranar ba wanda ya ji tambaya daga bakinta.

Da gari ya waye a kwana na goma, ruwa ya ɗauke, Magajiya ta ce rumbu ya kusa ƙarewa, duk mai fiffike ya fita neman abinci, har masu reno. Tambai ta fita. Ba ta saba da daji ba, ta yi nisa ba ta sani ba, har ta kai wata tsohuwar gona da aka bari, mai busasshen shinge. Tana cikin shawagi sai hadari ya sake haɗuwa, kan ka ce kwabo ruwa ya sauko. Ɗigon ruwa ɗaya kuwa a wurin ƙudan zuma kamar a kwara wa mutum tulu ne. Ta duba gabas, ta duba yamma, ba mafaka sai wani rawayan fure da ya sunkuyar da kai a jikin shingen. Ta faɗa ciki.

Sai da ta natsu sannan warin ya buge ta, wari mai ɗaci, mai kama maƙogwaro. Ta dubi ganyen da ke kusa, ta ga mai yatsu ne, ta gane a cikin furen garahuni take. Ta yi kamar ta fita, ruwa ya hana. Da ta ga zaman dole ne, sai halinta ya motsa, ta ce a ranta, tun da na riga na shigo, bari dai in ga abin da ake gudu.

Ta matsa can gindin furen. Ta ga waɗansu ƙananan gashi a jere, kowanne da ɗan ɗigo mai ƙyalli a bakinsa. Ta taɓa da ƙafa, ta ji santsi. Ta lasa, ta ji ba ruwan fure ba ne, ba kuma raɓa ba.

Sai ta ji wata murya a hankali, irin ta tsohon da ya daɗe bai yi magana ba, ta ce, “Mai ne, yarinya.”

Tambai ta zabura, cikinta ya gogi gashin nan, man ya shafe ta. Ta ce, “Wane ne?”

“Mai gidan da kika shigo ba sallama.”

Kunya ta kama ta, ta ce, “Gafara dai, Baba, ruwa ne ya koro ni. Ina wuni?”

Garahuni ya ce, “Lafiya lau. Zauna abinki. Rabon da wani mai fiffike ya shigo nan, shekara bakwai ke nan.”

Tambai ba ta iya riƙe bakinta ba. Ta ce, “Baba, me ya sa aka hana mu zuwa wurinka?”

“Wata kakarku ce ta taɓa ɗibar man nan, ta ɗauka ruwan fure ne, ta kai ta zuba a rumbunku. Zumar shekarar duk ta yi ɗaci. Tun daga nan aka yanke ni. Ban ga laifinsu ba.”

“To kai me kake yi da man?”

“Na ajiye ne don baƙo, ko Allah zai kawo wanda zai so shi.”

Da ruwa ya ragu ta leƙo waje. Wani ɗigo ya faɗo daga ganye ya same ta a ciki, sai ta ga ya dunƙule ya gangare, ko alamar jiƙa babu. Ta dubi bayanta inda mai bai taɓa ba, sharkaf. Ta koma ƙarƙashin ganyen da gangan, ta miƙa cikinta, wani ɗigon ya sake faɗowa, ya sake gangarewa. Sai da ta gwada sau huɗu. Nan take ta tuna da jariranta goma da ke kwance cikin danshi.

Ta koma cikin furen da sauri, ta ce, “Baba, in aka shafa man nan a bangon ɗaki, ruwa zai shiga?”

“Ban taɓa gina ɗaki ba. Amma ga shi kin gani a jikinki.”

“Ka ba ni in kai gida.”

Garahuni ya ce, “Zan ba ki. Amma ni ma ina da buƙata, ki ji ta tukuna. Fita ki dubi furannina da kyau, ki dawo ki gaya mini abin da kika gani.”

Irin wannan aiki kuwa ba a roƙon Tambai sau biyu. Ta zagaya shingen, ta dawo ta ce, “Iri biyu ne. Waɗansu suna da rawayan gari a tsakiya. Waɗansu ba gari, amma suna da ɗan kumburi a gindi, kamar ƙurji.”

“Idonki yana gani. To wannan kumburin shi ne ɗana. In garin wancan furen bai zo kan wannan ba, kumburin sai ya yanƙwane ya faɗi. Garin nan kuwa yana da nauyi, yana da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, sai mai ƙafa da fiffike. Da can dangina sun cika bakin fadamar nan. Yanzu ni kaɗai na rage, kowace damina ina tohowa daga tsohuwar saiwa, saiwar kuma ta gaji. In ban bar iri bana ba, baɗi ba za a ga garahuni ba.”

Tambai ta ce, “In dai wannan ne, na ɗauka. Muddin kana fure, zan riƙa kai maka garin, ni da duk wanda ya fito daga hannuna.”

“Yarinya, kada ki ɗauki abin da ya fi wuyanki. Alkawari kaya ne.”

“Na ji, Baba. Na ɗauka.”

Ta shiga furanni masu gari, ta fito ta shiga masu kumburi, har ta gama da waɗanda suka buɗe a ranar. Sannan ta kwantar da cikinta a kan gashin man, ta yi ta jujjuya shi dama da hagu har gashinta ya sha, ta kama hanyar gida.

A bakin ƙofa Kulu ta tare ta. Ta shinshina, ta ja da baya, ta sake shinshinawa. Ta rage murya ta ce, “Tambai, ina kika je?”

“Yaya, ki bar ni in shiga, don Allah. Na samo abin da zai hana ruwa shiga ɗakin jarirai.”

“Kin san abin da aka ce in yi wa mai wannan warin?”

“Na sani. Amma biyu na fitar da hannuna kwana uku da suka wuce, Yaya. Ba zan iya fitar da na uku ba.”

Kulu ta dubi hagu, ta dubi dama, ta matsa gefe kamar tana gyara fiffike. Tambai ta shige.

Ta sauka ƙasan saƙa, ta kankare fumfunar, ta shafe bangon ɗakunan nan goma da mai. Washegari ta koma wurin Garahuni, jibi ma haka. Marka ta sake dawowa, ruwa ya ci gaba da tsatsafowa, amma da ya zo ɗakunan Tambai sai ya gangare ya wuce. Jariranta goma suka yi ɓul-ɓul, ko ɗaya bai sake yin ciwo ba.

Sai dai wari ba ya zama inda aka ajiye shi. Ya bi saƙa ya hau sama, ya kama jikin waɗansu, ya bar waɗansu. Masu tsaron ƙofa suka rikice, suka kasa rabe ɗan gida da baƙo. A kwana na huɗu wata mai ɗebo ruwan fure ta dawo da kayanta, wani mai tsaro ya ji baƙon wari a jikinta, ya harbe ta, ta mutu a ƙofar gidan uwarta. Zumar da ke kusa da ɗakunan reno kuma aka lasa aka ji ta fara ɗaci. Gida ya kaure da hayaniya, aka bi wari har ɗakunan Tambai, aka kai ta gaban Magajiya.

Magajiya ba ta yi faɗa ba. Ta sauka da kanta ta duba ɗakunan, ta daɗe tana kallon jariran, sannan ta dawo ta zauna. Ta ce, “Tambai, na ga aikinki. Goma kika ceta, ban raina ba.”

Tambai ta ce, “To Inna, me zai hana a shafe ɗakunan gidan duka?”

“In an shafe, da me za mu gane juna? Me za mu ci in zuma ta yi ɗaci? Ke goma kike dubawa, ni dubbai nake dubawa. Yau an kashe mini 'ya a bakin ƙofa.”

Tambai ta sunkuyar da kai.

Magajiya ta ce, “Ga abin da na yanke. Za a toshe tsagar sama da ƙaro, za a jira jariranki su fita, a rushe ɗakunan a sake sabbi. Ke kuma ki je fadama ki yi ta wanka har warin ya bar ki, ki dawo ɗakinki, kada ƙafarki ta sake taka garahuni. Shi ke nan, magana ta wuce.”

Kowa ya ji daɗin hukuncin, Kulu har da ajiyar zuciya. Tambai kaɗai ta yi tsuru-tsuru. Can ta ce, “Inna, ina da tambaya.”

Waɗansu suka yi tsaki. Magajiya ta ce, “Yi.”

“Wanda ya ba ka abin da ka ceci naka, ka ce masa za ka ceci nasa, sai naka suka warke, ya halatta ka juya masa baya?”

Magajiya ta dube ta, ta ce, “Alkawari kika yi masa?”

“Na yi, Inna.”

“To ba zan ce ki karya ba. Amma ba zan buɗe wa warin nan ƙofa ba. Ki zaɓa.”

Tambai ta sauka ta leƙa jariranta ɗaya bayan ɗaya, ta damƙa su ga wata mai reno, ta nufi ƙofa. Kulu tana tsaye a nan. Ta ce, “Ke wace irin yarinya ce? Ƙudan zuma ba ya rayuwa shi kaɗai. Ba a taɓa yi ba.”

“Wa ya taɓa gwadawa, Yaya?”

“Har yanzu tambaya kike yi? Ki ji, in kika fita, gobe hancina ba zai san ki ba. Ko kin zo, kada ki matso ƙofar nan.”

“Na ji. Ki yafe mini wahalar da na ba ki.”

Kulu ta juya fuska, ta ce, “Allah Ya kiyaye hanya.”

Da Tambai ta isa shinge, Garahuni ya ce, “Na ga kin zo ba ki da niyyar komawa.” Ta gaya masa yadda aka yi. Ya ce, “Abinci kam ba za ki rasa ba, ga gari, ga mai, ga ɗan ruwan fure. Ɗaki ne ba ni da shi.”

Ta gwada yin kaki, ta matsa, ta matsa, ko ɗigo bai fito ba, don kaki sai an ƙoshi da zuma, sai kuma da ɗumin jama'a. Tana zaune tana tunani sai ta ga Zanzaro yana wucewa da ɗan curin laka a baki. Ta bi shi har ƙarƙashin wani reshe inda yake gina ɗakinsa. Ta gaishe shi, ta ce, “Kawu, su waye suke taya ka gini?”

Zanzaro ya ajiye lakar ya ce, “Taya ni? Ni da ginina sai Allah.”

“Ina kake samo lakar? Me ya sa kake karkarwa in kana shafe? Me ke hana ta tsagewa?”

“Kai! Ke ɗaya ce ko ku goma ne? Ƙasa tana ko'ina, ki kwaɓa, ki shafa, ki bari ta sha iska. Amma da ƙugunki da ƙafafunki ba za ki iya tayar da bango ba. Nemi ramin da wani ya riga ya haƙa, ki yi masa yaɓe.”

Ta koma shinge ta yi ta dube-dube, har ta sami wata busasshiyar dirka da ƙwaro ya taɓa hudawa ya tashi. Ramin dogo ne, daidai jikinta. Ta ɗebo ƙasa a ƙafafunta na baya, ta kwaɓa da yawu, ta yi yaɓe. Ruwa ya zo, yaɓen ya narke. Ta sake, ta shafa mai a kansa, ya ɓamɓare. A karo na uku ta ce bari ta kwaɓa ƙasar da man tun farko. Ta tsefe man daga gashin cikinta da ƙafafunta, ta haɗa da ƙasar, ta shafe. Da ya bushe ya yi ƙarfi, ya yi sumul, ruwa ya zo ya gangare. Ta yi ta zagaya ramin don murna, ba wanda za ta nuna wa. Yawan tsefe man nan kuwa shi ya mai da ƙayar ƙafarta kamar mataji.

Wata safiya ta shiga wani fure ta tarar da wani namijin ƙudan zuma ya miƙe ƙafa yana sharar barci. Ta tashe shi. Ya ce sunansa Jatau, daga ɗorawa yake, abinci ya yi ƙaranci an kori maza, don ba sa aikin komai sai ci.

Ta ce, “Warin bai dame ka ba?”

Ya yi hamma ya ce, “Wanda aka kora ba ya zaɓen ƙamshi.”

Ta yi dariya, karo na farko tun fitowarta. Ba a daɗe ba suka yi aure, Garahuni ne waliyyi. Ranar da ta ce ya zo ya taya ta ɗaukar ƙasa, Jatau ya ce ai shi aikinsa gadin furanni ne, kada wani ya sace. Ta ƙyale shi, ta ci gaba da aikinta.

Da lokacin haihuwa ya zo, ta cura garin fure da mai, ta ajiye a ƙuryar rami, ta saka ƙwai ɗaya a kai. Ta bar ƙofa a buɗe yadda ta saba a gida, don ta riƙa leƙawa tana ƙara abinci. Ta fita ɗebo gari. Kafin ta dawo cinnaka sun shiga, sun kwashe curin, sun tafi da ƙwan. A ɗorawa akwai masu tsaro, a nan kuwa in ta fita ba kowa.

Ta daɗe a bakin ramin tana juya abin. In ta zauna gadi, ba abinci. In ta fita, ba gadi. Hanya ɗaya ce ta rage, ta tara wa kowane ɗa abincin da zai ishe shi har ya girma, ta rufe shi da bango, kada ta sake buɗewa. Da ta gane haka abin ya yi mata ciwo, don ita mai reno ce, ta saba ganin jariri yana motsi, yana ƙiba a gaban idonta.

Haka ta yi. Ta cura abinci, ta saka ƙwai, ta ja bango. Ta sake cura wani, ta saka, ta ja bango. Ɗaki bayan ɗaki, har shida, a jere cikin rami ɗaya. Kafin ta gama, damina ta fara ja da baya, furanni suka ragu, gefen fiffikenta ya yayyage. A jikin shinge kuwa kumburin nan sun zama 'ya'ya, sun nuna jawur, suna fashewa suna zubar da iri a ƙasa.

Saura bangon ƙarshe, na bakin ƙofa, sai ta kasa. Ta tashi da ƙyar ta sauka a kan ganyen Garahuni. Ya ce, “Kin cika alkawari, 'yata. Dubi ƙasa, duk irina ne. Me ya ɓata miki rai?”

Ta ce, “Baba, ba zan kai baɗi ba, na sani. Yaran nan za su fito ba uwa, ba yaya. Wa zai nuna musu furenka? Wa zai koya musu kwaɓa ƙasa da mai? In suka yi tambaya, wa zai amsa musu?”

Garahuni ya ce, “Yau bari ni in tambaye ki. Me kika ajiye musu su ci?”

“Garinka da manka.”

“Da me kika shafe bangon da za su kwana a ciki wata da watanni?”

“Da manka.”

“To me ya rage ki gaya musu? Je ki rufe ƙofa.”

Ta ɗebo ƙasa ta ƙarshe. Kafin ta shafe, ta kara kunnenta a bangon ciki, ta yi shiru. Can ta ji wani ɗan motsi, ƙus-ƙus, wani a ciki ya ƙyanƙyashe ya fara cin abincinsa. Ta saurara har ta ƙoshi, sannan ta rufe ƙofar, ta goge ta sumul. Bayan kwana biyu Jatau ya same ta a kan dirkar, kusa da ƙofar, ta naɗe fiffike, rai ya yi halinsa.

Kaka ta wuce, rani ya zo, tsohon Garahuni ya bushe har saiwa. Dirka tana nan tsaye cikin rana, ba wanda ya san da kowa a ciki. Da ruwa ya sauka, irin nan ya tsiro, sababbin garahuni suka hau shinge, suka yaɗu har bakin fadama. Ranar da furen farko ya buɗe, sai ƙofar lakar nan ta tsage. Wata 'yar baƙa ta leƙo, ta goge ido, ta shanya fiffike. A gonar akwai furen rama, akwai na tafasa, ga ayarin ɗorawa suna ta kai da kawowa a kansu. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta ɗaga kai ta shaƙi iska, ta tashi, ta miƙe sak sai cikin rawayan furen garahuni, ta kwantar da ciki a kan gashin man, ta fara jujjuya shi dama da hagu. Sauran biyar suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa ya bi wannan hanyar. Da lokacin gini ya yi kuwa, da yake kowace a ɗakinta ita kaɗai ta buɗe ido, sai kowace ta nemi raminta daban.

Shi ya sa har yau 'yar garahuni ba ta da sarauniya, ba ta da amya, ba ta kuma yin zuma. Ba a ganinta sai garahuni ya yi fure, in furen ya ƙare ita ma ta ɓace. Mazanta suna nan suna zagaya furanni wai gadi suke yi, ƙudan zuman amya kuma ba sa buɗe mata ƙofa. In kuka ga ɗan rami a jikin dirka an toshe bakinsa da laka mai sumul, kada wanda ya sa tsinke a ciki. Akwai yara a kwance, uwarsu ta gama musu komai ta tafi, ruwan baɗi kawai suke jira.